Ta Kusa da Sumayya

Na girmi wasu kantocin da ke cikin laburaren garin Ƙanƙara a wurin aiki. Sunana Barau. Yara na ce mini Baba Barau, manya su ce Malam, ni kuwa duk wanda aka kira amsawa nake. Aikina in buɗe ƙofa, in jera littattafai, in tashi masu barci a kan jarida. Tun da daji ya lalace, zuwana jaje da ta'aziyya ya fi zuwana kasuwa yawa, har bakina ya iya faɗin "Allah ya kyauta" da kansa, ba sai ya nemi izinin zuciyata ba. Ba mugu na zama ba. Abu ne kawai ya daina shigata, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ana ba ni labarin an kwashe mutanen ƙauye kaza, in ce subhanallahi, in ci gaba da shan kokona.

Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ce kaɗai laburaren ke cika da hayaniya, ranar zaman littafi na 'yan firamare. Malama Adama ce ta kafa shi. Malamar aji huɗu ce a wata firamare a cikin gari, doguwa, marar yawan magana, wadda kallonta kaɗai ke zaunar da yaro. Yara kan zo daga makarantu daban-daban, mu shimfiɗa musu tabarmi a ƙarƙashin fankar da ta manta yadda ake juyawa, su yi da'ira. Da yake kwafi ɗaya muke da shi na kowane littafi, hannu da hannu yake zagayawa. Kowa ya karanta shafi, a tsaya a yi musu a kan abin da aka ji, a ƙarshe a raba gyaɗa. Wasu, irin su Jabiru, gyaɗar ce ke kawo su, karatun kuwa su ɗauke shi a matsayin wahalar da ake sha kafin a kai gare ta.

Malama ta kafa doka ɗaya saboda faɗan da ake yi a kan littafi: ko an ɗora maka shi a cinya, ba ka buɗe baki sai ta kama sunanka. Dokar ta zauna a kan kowa, ban da mutum ɗaya.

Najiba 'yarta ce, kuma 'yar fari. Saboda haka Malama ba ta kama sunanta, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na yayana ba har ta koma ga Allah. Ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Yarinyar takan zauna kusa da ƙawarta Sumayya, idan littafi ya iso gare ta sai Malama ta dubi bango ta ce, "Ta kusa da Sumayya." Yara su bushe da dariya kowane wata kamar yau suka fara ji. Har suna ya bi ta. A titi ma sai ka ji an ƙwala, "Ta-kusa-da-Sumayya!" ita kuwa ta juyo ta yi musu gwalo. A gida Umma take cewa, a zaman littafi kuwa Malama, kamar kowa. Ta fi duk yaran iya karatu, kuma ta san ta fi su. Takan sauya murya in ta zo kan maganar tsohuwa ko ta ɓarawo, har ni da ke can bakin ƙofa in ajiye abin da nake yi.

A lokacin suna tsakiyar wani littafi ne na jakin da ya ƙi haye gada ranar kasuwa. Najiba ce ta karanta shafin ƙarshe a wannan watan, ta sa tsinken tsintsiya a inda ta tsaya.

Da aka yi hutu ta tafi Tafoki wajen kakarta ta wajen uwa. A hanyar dawowa mutanen daji suka tare motar da rana tsaka, suka kora fasinjojin cikin daji, har da ita. Farkon damina ne. Na je jaje, na faɗi abin da ake faɗi, na dawo na buɗe laburare.

Bayan laburarenmu, gefen tankin ruwa, nan ne sabis ya fi ƙarfi a duk unguwar, saboda haka nan dangi ke taruwa in ana jiran kira. Ranar da aka ce za a ba yarinyar waya don a tabbatar tana da rai, ina tsaye a wurin. Ga ubanta Muttaka, mai shagon taki a bakin kasuwa, ga ƙaninsa Mani wanda shi ke magana da mutanen, ga Hajiya mahaifiyarsu, ga maƙwabta. Mani ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Aka yi ta ƙara da hayaniyar maza, can sai ga muryarta, siririya.

"Umma? A ba Umma."

Mani ya miƙa wa Malama wayar. Ta karɓa da hannu biyu.

"Umma, ni ce. Umma, kina ji na?"

Malama ta dubi wayar, ta ɗaga ido ta dubi surukarta da mazan da suka kewaye ta. Na ga leɓɓanta sun motsa, amma ba abin da ya fito. Sai ta miƙa wa Mani wayar, ta ja mayafinta ta koma gefe. Mani ya ce, "Najiba, Baba Mani ne, ki yi haƙuri, muna nan muna ƙoƙari," aka katse.

A hanyar fita Hajiya na share hawaye tana cewa, "Kai, Adama akwai kawaici. Wata ce da ta cika mamu wuri da kururuwa." Kowa ya ce ƙwarai kuwa, 'yar gidan mutunci ce. Aka watse.

Duk tsawon daminar nan, Malama ba ta fasa zaman littafi ba. Takan zo da gyaɗarta, ta kira sunaye, ta gyara wa mai tuntuɓe. Yaran da kansu suka riƙa barin gurbi a gefen Sumayya, ba wanda ya ce su yi. Mutane na cewa Malama akwai tawakkali. Ni da na san ciwon a jikina na gane ba wannan ba ne, ita ma abu ya daina shiga ta. Abu ɗaya kawai na ga ta yi. Ta ɗauke littafin jakin da tsinkensa a ciki, ta ɗora a can saman kantar littattafai, ta sauko da wani.

Sai da aka fara yankan gero aka sako su. Abin da aka sayar kafin a kai ga haka, ba nawa ba ne in faɗa. Najiba ta dawo da ƙafafunta, ta rame, an aske mata kai saboda kwarkwata. Likita ya duba ya ce ba abin da ya sami harshenta ko kunnenta. Amma ba ta magana. Tana cin abinci in an ajiye, tana salla, in an ce tashi ta tashi. An yi rubutu an wanke ta sha, an yi tofi, an yi hayaƙi. Ko "a'a" ba wanda ya ji daga bakinta.

Sumayya kuwa ba ta nan. Tun kafin a sako su ubanta ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa, kamar yadda masu hali ke yi. A madadinsu muka sami sababbin yara, 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Sabuwa suka raɓe a gidajen dangi.

A zaman farko bayan dawowarta, Malama ta sa kujera ta sauko da littafin jakin. Najiba ta zauna a tsohon wurinta, kanta a sunkuye. Malama ta fara daga ɗaya gefen da'irar, daga wani babi na baya, wai don a tuna. Littafi ya zagayo, yana matsowa, ina kallon Malama tana kallonsa. Da ya rage yaro ɗaya ya iso ga Najiba sai ta ce, "To, mu tsaya nan, rana ta yi." Rana kuwa ba ta yi ba. Jabiru ya yi murna, an raba gyaɗa da wuri.

A wata na biyu Malama ta gwada. Da littafin ya sauka a cinyar yarinyar, ta dubi bango ta ce, "Ta kusa da taga." Shiru. Ta ce, "Ke." Najiba ta ƙanƙame jikinta, ta ɗora hannu biyu a ka kamar mai jiran duka. Daga baya wata mata da aka tsare su tare ta gaya mana cewa a can ba a kiran kowa da suna, "ke" ne da "kai" da bakin bindiga. Malama ta miƙa hannu ta ɗauke littafin ta ba na gaba, muryarta ba ta ko girgiza ba.

Ana cikin haka wata ranar Talata Muttaka ya biyo ta laburare, ya zauna a bencin bakin ƙofa. Shi ma ba ya kama sunan 'yar tasa.

"Malam, na yanke shawara. Yarinyar nan Zariya za ta tahi, wajen ƙanwata Halimatu Sa'adiya. Akwai manyan likitoci, kuma ta sake iska."

"Hutu za ta?"

"Riƙo dai. Na ba ta ita. Ita ba ta da ɗiya mace, dama ta daɗe tana roƙo. Nan kau kullum tana ganin hanyar da aka ɗauke ta."

"Uwar ta yarda?"

"Mi za ta ce? Ta dai roƙi a bari ta zo zaman littahinku na Asabar da sahe, in an tashi Hajiya ta wuce da ita."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya yi duk abin da ya sani, ya ƙare.

Ranar Juma'a da hantsi Malama ta zo shimfiɗa tabarmi, abin da ba ta saba yi ba sai ranar. Na taya ta kama gefe.

"Malama, an ce gobe ne."

"Gobe ne, Baba."

"Kin so haka?"

Ta daɗe tana gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same shi.

"Ban sani ba ko na so. Wallahi Baba ba ni jin komi. Na wanke mata kaya, na ninke, na zuba a jaka, kamar kayan maƙwabta nike haɗawa. Ko yunwa ba ni ji." Ta miƙe. "Da kowa tana yarda ya zamna kusa da ita. Ni kaɗai ce in na shiga ɗaki take juyawa ga bango. In ta tahi a haka, ta tahi ke nan. Wannan kam na sani."

Na ce Allah ya kyauta, bakina ya yi aikinsa.

Ranar Asabar yara suka cika tabarmi. Najiba ta zo da sabon hijabi na tafiya, ta zauna a wurinta. A gefenta, inda Sumayya kan zauna, wata 'yar ƙarama ce daga cikin 'yan Sabuwa, Mansura, 'yar aji biyu mai giɓi, wadda zuwanta na farko ke nan. Ba ta san kowa ba, ba ta san ko wace ce uwar wa ba.

Aka fara. Jabiru ya yi ta tuntuɓe a shafinsa kamar mai tafiya a kan kunyar gona bayan ruwa, Malama na ɗaga shi. Fatima Zahra'u ta karanta nata a guje don ta huta. Aka ɗan yi musu ko jakin taurin kai gare shi ko tsoro yake ji, ƙuri'a ta rinjaya ga taurin kai. Ana tsakiyar haka na ji tsayawar mota a waje. Direban ya zo da wuri. Muttaka ya shigo da jakar bakko a hannu, Hajiya na biye da shi da carbinta, suka tsaya a bakin ƙofa kusa da ni. Na ba Hajiya kujerata.

Malama ta gan su. Ta ce, "Mansura."

Yarinyar ta bi layi biyu da yatsa, tana haɗa baƙi da wasali, Malama ta ce madalla, ya isa. Mansura ta juya shafi, sai ga tsinken tsintsiyar nan, ya yi wa takardar zane saboda daɗewa. An zo daidai inda aka tsaya kafin damina. Ta ɗora littafin a cinyar Najiba, ta naɗe hannu, tana jira.

Ba wanda ya yi motsi. A waje direba ya danna hon.

Malama ta dubi bango, na ga ta buɗe baki za ta ce ta kusa da Mansura, ta fasa. Tsoffin yaran duk sun sunkuyar da kai. Mansura ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta gaji.

"Malama, kin ce ba a karatu sai kin kira suna."

"Haka ne."

"To ita ba ta da suna ne?"

Jabiru ya kai mata zunguri da gwiwar hannu. Hajiya ta yi gyaran murya, ta ce, "Adama, a sallame ta haka nan, hanya ba ta son yamma." Muttaka ya sauya wa jakar hannu.

Malama ta dubi surukarta, ta dubi mijinta, ta dube ni, irin kallon ranar nan a gindin tanki. Na san abin da zai biyo baya, don na taɓa ganinsa: za ta miƙa hannu ta ɗauke littafin ta ba wani. Har na fara tunanin inda na ajiye makullin ƙofar baya. Ta miƙa hannun kuwa, ya kai rabin hanya, ya tsaya a iska. Sai ta mai da shi cinyarta.

"Najiba."

A hankali ya fito, a karkace, kamar kalmar da mutum ya sha gani a rubuce bai taɓa furtawa ba. Carbin Hajiya ya tsaya. Wata yarinya ta rufe baki da hannu, amma ba wanda ya yi dariya.

Najiba ba ta ɗago nan da nan ba. Sai da na ɗauka wannan ma ya bi iska, sannan kanta ya taso. Ta dubi uwarta ido cikin ido, abin da ɗan fari ba ya yi. Muryar da ta fito a dushe take, kamar ta tsohuwa.

"Na kira ki a waya."

Muttaka ya ajiye jakar a ƙasa.

"Na ji ki," in ji Malama.

"Ba ki amsa ba."

"Ban amsa ba."

"Sun ce ba ki so na. Sun yi ta dariya."

Fuskar Malama na nan yadda take tun farkon damina, ba hawaye, ba komai. Hon ya sake tashi, wannan karon da tsawo.

Najiba ta ce, "Sake hwaɗi."

"Najiba."

"Sake."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ko kunya ce ta kama ta ko kuka take, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Muttaka ya zauna a kan jakar kayan, babban mutum mai shago a kasuwa, ya zuba wa siminti ido. Na taɓa kafaɗarsa na ce mai mota na jira. Bai ɗago ba. Ya ɗaga hannu kawai ya kaɗa shi waje, alamar a sallame shi.

Na fita na gaya wa direban ya tafi, ba fasinja. Ya yi ta masifa a kan man da ya ƙona da lodin da ya bari a tasha. Ina tsaye ina ba shi haƙuri sai na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, mai zafi, har na dafa motar. Ya tsaya da faɗan ya ce, "Baba, lahiya?" Na ce lafiya lau. Na daɗe ban ji ciwon komai ba, na manta haka yake da zafi.

Da motar ta tafi ban koma ciki ba, na zauna a ƙasa gindin taga. Littafin na nan a buɗe a cinyar yarinyar, ba ta karanta ko layi ɗaya ba, jakin na tsaye a bakin gada inda aka bar shi. Ba wanda ya tambayi gyaɗa, ko Jabiru. Abin da kawai ke fitowa ta tagar shi ne ƙaramar murya a dushe tana cewa a sake, da muryar Malama Adama, wadda ta koya wa rabin yaran unguwar nan karatu, tana bin sunan 'yarta gaɓa-gaɓa kamar 'yar aji ɗaya.